Yaɗiya Ba Ta Kiran Maciji

Da zarar ruwa ya sauka a Dutsin-Ma sai gardamar nan ta dawo: a bar yaɗiyar da ta hau danga, ko a tuge ta? Masu cewa a tuge hujjarsu ɗaya ce, wai tana jawo macizai. Har ta kai magidanci kan sayo maganin feshi ya bi gindin katanga kaf, ya ƙone tafasa da lalo da gasaya, kashegari kuma ya ba da kuɗin ganyen miya.

To, maciji dai ba ya cin ganye. Ɓera yake bi, da ƙadangare, da kwaɗo, mai tsallen nake nufi, ba na cikin kwano ba. Gidan da aka jibge kara da tubali da tsofaffin buhuna, hatsi na zuba a ƙasa, ko tsinke ba ya tsirowa a cikinsa maciji zai samu masauki. Laifin tsibin shara ne ake ɗora wa yaɗiya, kamar a ce kura ta yi ɓarna a kama kare da duka.

Abin da ya fi wuyar shiga kan mutane shi ne yadda yaɗiya take zama kore shar a watan Maris, lokacin da ciyawa ta zama ƙaiƙayi. Sirrin yana ƙarƙashin ƙasa. Furen da ake sayowa a leda baƙo ne, kullum sai an kai masa ruwa har ɗaki. Yaɗiya 'yar gida ce, ta san inda randa take. Saiwarta na nitsawa ta tarar da lemar da damina ta bari, kamar mai rijiya a tsakar gida da bai damu da zuwan ɗan garuwa ba. Danginsu ɗaya da tumfafiya, shi ya sa 'ya'yanta ma ke da gashi kamar auduga, iska na shuka su kyauta.

Manoman Maraɗi sun riga mu gane wannan sirri na tsiron gida. Tun wajen 1980 da 'yan kai suka koma barin kututturan sabara da kalgo su tofo a gona, har ƙasar da ta yi sanƙo ta sake yin itatuwa. Mu kuwa duk shekara sai a yi bikin dashe, a ɗauki hoto, kafin hunturu ya wuce babu ko ɗaya a tsaye, ko da yake ga madatsar Zobe nan kusa.

Wanda ke son yaɗiya, ya leƙa shingayen gonakin Kurfi ya tsinko ƙwanson da ya bushe, ya watsa irin a gindin danga farkon damina. Ya ɗaga rassan sama don ƙasa ta zauna fili, ana iya sharewa. Ganyen da ɗan ɗaci, sai an dafa an zubar da ruwan kafin a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. A shekarar farko dai a tsare ta daga awaki, don su ma sun san daɗinta.