Maganin Raɗaɗin Barkono

Manoman Dutsin-Ma da Kurfi, musamman masu lambu a bakin dam ɗin Zobe, ga lokacin tsinkar barkono ya zo. Kowace shekara mukan ga masu tsinka da mata masu dakan yaji suna fama da raɗaɗi.

Abin da ke kawo zafin nan wani maiƙo ne da ke cikin farar tsokar da 'ya'yan barkono ke manne da ita. Ruwa ba ya narkar da shi, don haka wanke hannu da ruwa zalla ba ya kashe zafin. A shafa man gyaɗa, a goge da tsumma, sa'an nan a wanke da sabulu. In bai lafa ba, a tsoma hannun cikin nono mai sanyi.

Amma ido dabam ne. Kada a murza, kada a ɗiga mai ko nono. Wani mai tsabtar hannu ya yi ta zuba ruwa mai kyau har minti 15. In gani ya dushe, ko numfashi ya sarƙe, lalle a tafi asibiti nan da nan.

Ranar daka kuwa, a kori yara daga gindin turmi.