KARATUN AKANTA DA NA TAFIYAR DA KASUWANCI A JAMI'O'IN NIJERIYA

A kowace shekara samari da 'yan mata masu ɗimbin yawa suna neman shiga jami'a domin su karanta ilmin akanta ko ilmin tafiyar da harkokin kasuwanci. Da yawa daga cikinsu, har da iyayen da za su biya kuɗin makaranta, ba su san abin da ake koyarwa cikin shekarun nan huɗu ba. An shirya wannan bayani domin jama'a su san abin da ɗalibi zai tarar, da abin da ƙasa take bukata daga gare shi.

Asalin Wannan Karatu

Tun zamanin mulkin Turawa aka fara horar da ma'aikatan kuɗi a ƙasar nan. A shekarar 1947 aka buɗe makarantar koyon aikin akawu a Zariya, wadda ta zama Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Kongo, daga baya kuma ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. A 1949 Akintola Williams ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya sami shahadar ƙwararren akanta, kuma yana cikin waɗanda suka assasa ƙungiyar ƙwararrun akantoci, watau ICAN, wadda doka ta kafa a 1965. Sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta yi dokokin mayar da kamfanonin baƙi hannun 'yan ƙasa a 1972 da 1977, sai bukatar manajoji da akantoci 'yan gida ta ƙaru ƙwarai, jami'o'i kuma suka faɗaɗa waɗannan sassa.

Sharuɗɗan Shiga

Wanda yake son shiga lalle ne ya sami kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi da ilmin Tattalin Arziki. Sa'an nan ya ci jarrabawar Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Mai shiga ta wannan hanya zai yi shekara huɗu. Wanda kuwa ya riga ya sami difloma ko makamanciyarta, ana iya ɗaukarsa a aji biyu, ya yi shekara uku. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, ita ce take tsara mafi ƙarancin abin da za a koyar. A tsarin da ta fitar a 2022, kashi 70 cikin ɗari na darussa iri ɗaya ne a dukan jami'o'i, sauran kashi 30 kuwa kowace jami'a ta tsara gwargwadon bukatar yankinta.

Abin da Ake Koyarwa

A shekarar farko ɗalibin akanta da na kasuwanci kusan tare suke tafiya. Suna koyon lissafi, da tattalin arziki, da Turanci, da amfani da kwamfuta, da tushen ajiye littafin kuɗi. A nan ne ake cusa musu ƙa'idar rubutu biyu, wadda wani malami mutumin Italiya, Luka Pacioli, ya bayyana cikin littafinsa a 1494. Ƙa'idar ita ce kowace ma'amala a rubuta ta a gefe biyu: inda kuɗi ko kaya suka fito, da inda suka shiga. Idan jimlar gefen nan biyu ba ta zo daidai ba, to akwai kuskure, ko kuwa akwai wanda ya taɓa abin da ba nasa ba.

Ga misalin irin aikin da ake ba ɗalibi. Wani ɗan kasuwa ya fara da jarin Naira 500,000. Ya sayi kaya na Naira 400,000, ya sayar da su duka a kan Naira 480,000, amma Naira 100,000 daga ciki bashi ya bayar. Ya biya kuɗin mota Naira 20,000, hayar shago Naira 15,000, ya ba yaron shago Naira 10,000. Da ya ƙirga abin da ke hannunsa sai ya tarar da Naira 435,000, hankalinsa ya tashi, yana zaton ya faɗi. Ɗalibin da ya fahimci darasinsa zai nuna masa cewa ribar Naira 35,000 ya ci, sai dai Naira 100,000 na dukiyarsa tana hannun waɗanda yake bi. Zai kuma gargaɗe shi cewa idan rabin bashin nan ya ƙi fitowa, ribar ta tafi, jarin ma ya ragu da Naira 15,000. Ciniki daban, riba daban, kuɗin hannu kuma daban. Rashin bambance waɗannan abubuwa uku ya karya 'yan kasuwa masu yawa waɗanda shagunansu ba su taɓa rasa masu saye ba.

Daga shekara ta biyu hanya takan fara rabuwa. Ɗalibin akanta zai shiga lissafin abin da ake kashewa wajen sarrafa kaya, da yadda darajar mota ko inji take raguwa saboda tsufa, da dokokin haraji, da lissafin kamfanoni, da lissafin kuɗin gwamnati. Zai kuma koyi aikin odita, watau bin diddigin littattafan da wani ya rubuta domin a tabbatar da gaskiyarsu. Tun daga 2012 manyan kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suke shirya rahoton kuɗinsu bisa ƙa'idodin da ƙasashen duniya suka amince da su, saboda haka wajibi ne ɗalibi ya san waɗannan ƙa'idodi.

Ɗalibin tafiyar da kasuwanci kuwa zai mai da hankali ga tsara aiki da rarraba shi, da ɗaukar ma'aikata da kula da haƙƙinsu, da dabarun tallata kaya, da neman jari, da sarrafa kayan masana'anta. Dukansu biyu za su karanta dokar ciniki da Dokar Kamfanoni ta 2020, da darasin kafa sana'a domin dogaro da kai. A taƙaice, akanta shi ne mai faɗin inda dukiya take da inda ta bi, manaja kuwa shi ne mai yanke shawarar inda za ta nufa. Manajan da bai iya karanta rahoton akanta ba kamar makaho ne da ya ƙi ɗan jagora.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi zai rubuta kundin bincike a ƙarƙashin kulawar malami. Ana so ya ɗauki wata matsala ta zahiri, alal misali yadda ƙaramar hukuma take tara kuɗin shiga, ko dalilin da ƙananan masana'antu suke durƙushewa, ya tattara bayanai da kansa, ya ba da shawara.

Yadda Ake Auna Ɗalibi

Shekarar karatu zango biyu ce. A kowane darasi ana ware kashi 30 ko 40 cikin ɗari na maki domin aikin gida da gwaje-gwajen cikin aji, ragowar kuwa na jarrabawar ƙarshen zango ne. Ana tara sakamakon tun daga zangon farko har na ƙarshe. A jami'o'in da suke amfani da ma'aunin maki 5, wanda ya sami 4.50 zuwa sama shi ne mai daraja ta ɗaya. Ashe ke nan wanda ya yi sakaci a aji ɗaya zai ɗauki nauyin sakacinsa har ranar fita.

A nan ya kamata a ja kunnen ɗalibai game da kwafar aikin gida da sayen kundin bincike. Wanda aka kama, hukuncinsa yana iya kaiwa ga kora daga jami'a, dukiyar iyaye ta tafi a banza. Wanda ba a kama ba ma bai tsira ba. Ilmin akanta kamar ginin soro yake, kowane tubali a kan na ƙasa yake zama. Wanda ya kwafi aikin aji ɗaya ba zai gane na aji uku ba. Wata rana za a miƙa masa littafin albashin ma'aikata, ko asusun ƙungiyar manoma, ko kuɗin 'yan fansho, sa'an nan odita ya zo. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Abin baƙin ciki shi ne waɗanda za su fi shan wahalar jahilcinsa su ne talakawan da suka ba shi amana.

Bayan Samun Digiri

Digiri ba ya mayar da mutum ƙwararren akanta nan take. Bayan hidimar ƙasa, wadda aka fara a 1973, mai son kaiwa wannan matsayi sai ya ci jarrabawar ICAN, ko ya bi ta ƙungiyar ANAN, wadda aka kafa a 1979, doka ta amince da ita a 1993, take kuma da kwalejinta a Jihar Filato. ICAN takan ɗauke wa waɗanda suka fito daga sassan da ta amince da su wasu jarrabawoyi, saboda haka yana da kyau a bincika matsayin sashe tun kafin a nemi shiga. Masu digirin kasuwanci kuma suna da Cibiyar Manajoji ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1961.

Kira ga Iyaye da Ɗalibai

Ana roƙon iyaye su tabbatar cewa Hukumar NUC ta amince da jami'a da kuma kwas ɗin kafin su biya ko kwabo. Kada su tilasta wa yaron da ba ya jituwa da lissafi karatun akanta don kawai sun ji ana cewa aikin banki da samu. Su riƙa neman ganin sakamakon kowane zango, 'ya'ya mata kuma a ba su dama daidai da maza. Idan akwai shago ko gona a gida, a ba ɗalibi littafin cinikin ya riƙe lokacin hutu. Wanda ya iya fitar da ribar shagon mahaifinsa daidai, har kwabo, ya kama hanyar riƙon amanar baitulmalin ƙasa.