Ciniki na tafiya, amma aikin ya fita ranka: me ke faruwa?

Duk wanda ya je Danja lokacin tumatir ya ga yadda ake layi wurin masu POS. Ana loda kwanduna a motoci, dillalai na ta cire kuɗi suna turawa, miliyoyi na ratsa hannun saurayi guda a ƙarƙashin lema. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 sana'ar ta ƙara haɓaka. Sai dai in ka zauna hira da irin waɗannan samari, za ka ji wasu na cewa sun gaji, alhali ciniki bai tsaya ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin diddigin wannan. A wani bincike da ya wallafa a 1971, Edward Deci ya ba ɗaliban jami'a a Amurka wani wasan harhaɗawa, ya riƙa biyan wasunsu dala ɗaya kan kowane wanda suka warware. Da aka janye kuɗin, waɗanda suka saba karɓa sai suka rage taɓa wasan a lokacin hutunsu. Ba cewa ake kuɗi ba shi da amfani ba fa, wa zai yi aiki da yunwa? Abin lura shi ne kuɗi kaɗai ba ya riƙe sha'awa.

To me ke riƙe ta? Teresa Amabile ta jami'ar Harvard da Steven Kramer sun sa ma'aikata 238 a kamfanoni bakwai su riƙa rubuta yadda yininsu ya kasance, har suka tara rubutu kusan 12,000. A littafinsu na 2011 sun nuna cewa ranakun da mutane suka fi jin ƙarfin gwiwa su ne ranakun da suka ga sun ci gaba a aikin da ke da ma'ana a wurinsu, ko da taku ɗaya ne.

A ganina nan matsalar mai POS take. Yau kamar jiya, gobe kamar yau: karɓi kati, miƙa kuɗi. Babu matakalar da zai waiwaya ya ce ya hau.

Amma matakalar tana nan. ICAN, ƙungiyar akantoci da aka kafa a 1965, tana da jarrabawar ATS mai mataki uku, ana yin ta a Maris da Satumba. Ba sai da digiri ba; kiredit biyar na sakandare, ciki har da Turanci da lissafi, sun isa. Wanda ya kammala yana iya zarcewa zuwa cikakken akanta. Kuma ɗan littafin nan da kake daidaita shige da ficen kuɗi a ciki kowane dare, kana neman inda naira ɗari biyar ta maƙale, shi ne tushen darasin matakin farko.

Da damina, sa'ad da kowa ya tafi gona kuma layi ya ragu, babi ɗaya a mako ba zai gagara ba. Ka riƙa sa alama a bangon littafin duk ranar da ka gama ɗaya.