Katin asibiti a cikin salula: yadda tsoffin sojojin Amurka ke bin diddigin lafiyarsu

Ranar da soja ya tuɓe kaki, bindiga da kayan aiki yake mayar wa gwamnati. Ciwon gwiwa, ƙugin kunne da hayaƙin da ya shaƙa a fagen daga kuwa, da su yake komawa gida. Wani ciwon ma ba ya bayyana sai bayan shekara 10 ko 20, lokacin da mutum ya fara manta sunayen sansanonin da ya zauna.

A Amurka, ma'aikatar kula da tsoffin sojoji, wadda aka fi sani da VA, ita ke ɗauke da nauyin waɗannan mutane. Sama da mutum miliyan 9 ne suka yi rajista a tsarinta na kiwon lafiya, tana kuma da manyan asibitoci kusan 170 da ƙananan wuraren shan magani fiye da 1,000. Ranar 11 ga Nuwamban 2003, wato ranar tunawa da ƴan mazan jiya a ƙasar, ma'aikatar ta buɗe wani shafin intanet mai suna My HealtheVet. Manufarsa ita ce tsohon soja ya ga abin da asibiti ya rubuta a kansa, ba tare da ya bi layi ko ya roƙi kowa ba.

Batun ya shafi wasu daga cikin namu. Dokar Amurka ta yarda baƙon da ke da takardar zama ta dindindin ya shiga soja, kuma akwai ƴaƴan Afirka ta Yamma da suka bi wannan hanya, suka gama aiki, suna da haƙƙi iri ɗaya da kowane tsohon soja.

Me ke cikin shafin?

Abubuwa huɗu ne aka fi shiga nema. Na farko magani. Wanda yake shan maganin hawan jini ko na suga kullum yana iya neman a sabunta masa daga gida, a aiko masa ta gidan waya, ya kuma riƙa duba inda saƙon ya kai. Ma'aikatar tana ba da shawarar a nemi sabuntawa aƙalla kwana 15 kafin wanda ke hannu ya ƙare. Na biyu ranar ganin likita: a duba ta, a nemi wata, ko a soke. Na uku saƙon sirri tsakanin majinyaci da masu kula da shi, wanda ƙa'ida ta ce a amsa cikin kwana 3 na aiki. Na huɗu kuma, wanda shi ne ginshiƙin abin, kundin lafiyar mutum.

A watan Agustan 2010, Shugaba Barack Obama ya sanar da wani maɓalli da aka raɗa wa suna Blue Button, a wajen taron ƙungiyar nakasassun tsoffin sojoji a birnin Atlanta. Da ka danna shi, sai ka sauke bayananka: magungunan da aka taɓa rubuta maka, allurar rigakafi, sakamakon gwajin jini, abubuwan da jikinka ba ya so. A watan Janairun 2013 aka ƙara wani mataki, aka bai wa majinyaci damar karanta ainihin abin da likita ya rubuta bayan sun gana.

Duk wanda ya taɓa fitowa daga wajen likita da takarda a hannu, rubutun kamar tafiyar tsutsa, ga kuma kunyar sake tambaya, ya san girman wannan canji. Ai sau da yawa mutum yana cewa "to, likita" alhali rabin maganar ta wuce shi. Idan yana iya komawa gida ya karanta a natse, ko ya ba ɗansa ya karanta masa, sai ya gane inda aka dosa. Idan an yi kuskure, a ce an rubuta yana shan maganin da ya daina tun bara, shi ne zai fara ganowa.

Ban da wannan akwai ɗakin karatu na intanet mai suna Veterans Health Library. Shi ba ya buƙatar rajista, kowa na iya shiga. An bayyana cututtuka, gwaje-gwaje da magunguna da sauƙin harshe, da Turanci da Sifaniyanci, har da bidiyo, kuma ƙwararrun ma'aikatar ne ke tantance abin da ake sakawa.

Ilimin da ke zama haƙƙi

Ga tsohon soja, sanin sunan ciwonsa da inda ya samo shi magana ce ta kuɗi da ta magani kyauta. Dalili kuwa, diyya tana rataye ne a kan tambaya ɗaya: shin aikin soja ne ya jawo wannan ciwo?

Ɗauki misalin ramukan ƙona shara. A sansanonin Amurka da ke Iraƙi da Afganistan, an riƙa haƙa manyan ramuka ana zuba robobi, tayoyi, batura, fenti da sharar asibiti, a kwarara musu man jirgin sama a cinna wuta. Na sansanin Balad a Iraƙi ya kai faɗin eka 10. Ma'aikatar tsaron ƙasar ta ƙiyasta cewa sojoji kusan miliyan 3.5 ne mai yiwuwa suka shaƙi wannan hayaƙi. Da suka dawo gida suka fara fama da tari, asma da kansa, sai aka ce kowa ya kawo hujjar cewa hayaƙin ne sanadi. To ina talakan soja zai samo wannan hujja? An yi watsi da fiye da kashi 70 cikin 100 na buƙatun diyyar da aka shigar.

Ranar 10 ga Agustan 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar PACT, wadda ke ɗauke da sunan Saje Heath Robinson, sojan jihar Ohio da ya yi aiki a Kosobo da Iraƙi, ya rasu a 2020 sakamakon kansar huhu yana da shekara 39. Dokar ta jera cututtuka fiye da 20 ta ce: duk wanda ya yi aiki a wurare kaza a shekaru kaza, ya kuma kamu da ɗaya daga cikinsu, to a ɗauka aikin ne ya jawo, ba sai ya kawo shaida ba. Ta kuma ƙara hawan jini a cikin cututtukan da ake dangantawa da Agent Orange, gubar kashe itatuwa da sojojin Amurka suka fesa a yaƙin Biyetnam tsakanin 1962 da 1971. Haka nan ta wajabta a riƙa yi wa kowane mai rajista ƴan tambayoyi game da gubar da ya taɓa cuɗanya da ita, aƙalla sau ɗaya duk shekara 5.

Ka ga kenan, dattijon da ya yi yaƙin Biyetnam, wanda ya shekara 30 yana shan maganin hawan jini yana cewa tsufa ne, yau yana da damar neman diyya. Sai dai diyyar ba ta biyo mutum gida, sai ya nema. Jerin cututtukan, jerin ƙasashen da shekarun duk suna shafin ma'aikatar. Wanda ya karanta, ya sauke kundinsa ya gwada da jerin, ya san matsayinsa. Wanda bai karanta ba yana iya rasuwa haƙƙinsa na kwance, matarsa da ƴaƴansa ba su ma san akwai shi ba.

Ciwon da ba a gani

Akwai ciwon da soja ba ya son faɗa ko da a gaban likita. Firgitar da ke biyo bayan bala'in yaƙi, wadda likitoci ke kira PTSD, takan zo da rashin barci, mugun mafarki, saurin fushi da gudun jama'a. Namiji da aka horar kada ya nuna gazawa, da wuya ya zauna gaban baƙo ya ce tsoro nake ji. A nan intanet ta yi rana, domin mutum yana iya karantawa shi kaɗai da tsakar dare, ya ga cewa abin da ke damunsa yana da suna kuma yana da magani. Cibiyar nazarin wannan ciwo ta ma'aikatar, wadda aka kafa a 1989, ta fitar da manhajar PTSD Coach a 2011, kyauta, tana koyar da dabarun kwantar da hankali da auna yadda alamomin ke tafiya.

Alƙaluman ma'aikatar sun nuna tsoffin sojoji 6,407 ne suka kashe kansu a shekarar 2022, wato sama da mutum 17 kowace rana. Shi ya sa ake ta nanata gargaɗi ɗaya: saƙon da za a amsa bayan kwana 3 ba na gaggawa ba ne. Wanda ya ji ciwon ƙirji, ko ya ji zuciyarsa na raya masa ya cutar da kansa, kada ya tsaya rubuta saƙo. A cikin Amurka, tun Yulin 2022, ana kiran 988 a danna 1, dare da rana. Wanda yake wajen ƙasar yana iya yin hira kai tsaye da masu ba da agajin ta shafinsu na intanet.

Inda gizo ke saƙar

Na'ura dai na'ura ce, tana kuskure, wani lokaci mai tsada. A watan Oktoban 2020 ma'aikatar ta fara gwada sabon tsarin adana bayanan majinyata na kamfanin Cerner, wanda Oracle ya saya daga baya, a asibitinta na Spokane da ke jihar Washintan. Babban mai binciken ma'aikatar ya gano cewa umarnin likitoci fiye da 11,000, na gwaji, hoto da tura majinyaci wajen ƙwararre, sun faɗa wani lungu na kwamfuta da babu mai dubawa. Likita yana ganin ya aika, majinyaci yana gida yana jira. An lissafa cutarwa 149, kuma a watan Afrilun 2023 aka dakatar da faɗaɗa tsarin domin a yi gyara. Darasin a fili yake: idan likita ya ce za a kira ka gwaji, mako ya wuce shiru, ka duba shafinka, ka kira, ka tambaya.

Sai batun sirri. A watan Mayun 2006 ɓarayi sun shiga gidan wani ma'aikacin VA a jihar Maryland suka ɗauke kwamfutar da ke ɗauke da bayanan mutum miliyan 26.5. An samo ta daga baya, amma abin ya girgiza ƙasar. A 2025 ma'aikatar ta daina karɓar tsohuwar kalmar sirri ta My HealtheVet, yanzu sai da asusun Login.gov ko ID.me, inda mutum zai nuna katin shaidarsa, a kuma riƙa aiko masa da lamba duk lokacin da zai shiga. Tsaro ya ƙaru, amma ga dattijo mai shekara 80 da idonsa ya yi rauni, wannan ma wani yaƙin ne.

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsoffin sojojin Amurka a karkara suke zaune, inda intanet ke da rauni, asibiti kuma da nisa. Ma'aikatar tana ba irin waɗannan aron kwamfutar hannu mai haɗe da intanet domin su gana da likita ta bidiyo.

Ƴan damfara ma ba a bar su a baya ba. Tun da dokar PACT ta fito, kamfanoni suka yi ta tallar cewa za su cika wa tsohon soja takardun diyya, su yanki wani kaso. Alhali shigar da buƙata kyauta ne, kuma ƙungiyoyin tsoffin sojoji da gwamnati ta amince da su, irin su American Legion da DAV, suna taimakawa ba tare da karɓar ko sisi ba.

Idan tsohon soja ya dawo gida Afirka fa?

A ce mutum ya gama aiki ya tattara ya dawo Yamai, Kumasi ko Garwa. Shafin yana buɗewa daga ko'ina, kundinsa na nan. Amma akwai iyaka. Ma'aikatar ba ta aika magani zuwa ƙasashen waje ta gidan waya, kuma wurin shan magani ɗaya tak take da shi a wata ƙasa, a Manila ta Filifin. Abin da ke akwai shi ne shirin jinya a ƙasashen waje, wanda ake kira FMP a taƙaice. Shirin yana biyan kuɗin jinyar cututtukan da aka riga aka tabbatar cewa aikin soja ne ya jawo su, kuma maganin sai wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi. Zazzaɓin cizon sauro da ya kama ka a gida, kai za ka biya.

Don haka mai shirin dawowa ya kamata ya kammala neman diyyarsa kafin ya taso, ya yi rajista da shirin, ya adana takardar sallamarsa daga soja mai lamba DD214, ya kuma tabbatar lambar shiga asusunsa ba ta dogara da layin wayar Amurka da zai mutu bayan ya sauka ba. Sannan ya sauke kundinsa gaba ɗaya ya buga a takarda. Kundin da Turanci yake, saboda haka a Nijar, Chadi ko arewacin Kamaru, inda likitoci ke aiki da Faransanci, yana da kyau a fassara aƙalla jerin magunguna da sakamakon gwaje-gwaje na baya-bayan nan.

A ƙasashenmu na Sahel da yankin tafkin Chadi, dubban matasa ne ke bakin daga yau, gobe kuma su ne ƴan mazan jiya. Ba lallai sai an gina shafi irin na Amurka kafin a fara ba. Abin da ya sa sojojin Amurka da suka yi aiki a Iraƙi suka samu diyya a 2022 shi ne akwai rubutaccen bayanin inda kowa ya yi aiki da shekarar da ya yi. Wannan rubutu, ko a littafi ne, ana iya fara shi tun yanzu, a kuma ba kowane soja kwafinsa ranar da zai tuɓe kaki.