Farin Tabo A Haƙoran Yara: A Fara Duba Ruwan Sha

'Yan'uwa, sau da dama uwa takan ga wani farin ɗigo-ɗigo kamar alli a haƙoran ɗanta, sai ta ɗauka ƙazanta ce. Ta samo gawayi ko toka ta yi ta dirza, yaro yana kuka, tabo kuwa yana nan daram. Ba zai fita ba, gama a cikin ɓawon haƙorin yake, ba a bisansa ba. Dirzar ma ƙara cinye ɓawon take yi.

Mu da ke Galadi da kewayen Shinkafi, Zurmi da Ƙauran Namoda, ba sai mun je nesa neman misali ba. Maƙwabtanmu ne mutanen Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. A shekarar 1985 aka fara ba garin ruwa daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwa garau, ba wari, ba ɗanɗano, kowa ya yi murna. Ashe yana ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da ninki uku na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi, watau miligiram 1.5 a kowace lita. Shekara da shekaru yara suna sha. Haƙora suka yi tabo suka rine, daga baya abin ya shiga ƙashi, ƙafafun ɗaruruwan yara suka lanƙwashe. A 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kan yaran Tibiri. Haƙori shi ne ya fara ba da labari, da an saurare shi da wuri.

A nan gida ma, 'yan'uwanmu na Kaltungo a Jihar Gombe da Langtang a Jihar Filato sun san abin, har akan ce "haƙorin Kaltungo". Fuloraid daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake narkewa cikin ruwa. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. Amma in ya yi yawa a lokacin da haƙoran dindindin ke ginuwa a cikin dasashi, daga haihuwa zuwa wajen shekara 8, sai su fito da tabo bayan famfara. Babba da ya ƙaura zuwa irin wannan gari ba zai yi tabon ba, ɗan da ya haifa a can ne zai yi.

Alamarsa a fili take. Yakan fito a haƙoran dama da na hagu daidai wa daida, kuma za ka ga yaran da ke shan rijiya ɗaya duk suna da shi. In ya tsananta sai ya koma ruwan ƙasa, kamar na mai cin goro, alhali yaron bai taɓa cin goro ba. To, a nan ne muke roƙon dattawa. Idan ikilisiya ko ƙungiyar gari ta tara kuɗi don haƙa burtsatse, a ware na gwajin ruwa, a kai wa hukumar samar da ruwan sha ta jiha, a kuma ce a auna fuloraid da sunansa. Mukan yi bikin buɗe famfo da kiɗa da jawabi, amma takardar gwaji ba mai tambaya. Kada kuma a dogara ga tafasa ruwa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma fuloraid ba ya tashi da tururi, ƙara taruwa ma yake yi a abin da ya rage cikin tukunya. In an tarar ya yi yawa, a sauya wa ƙananan yara ruwan sha da na girki: wata rijiyar da aka gwada, ko ruwan sama da aka tara da tsabta. A Kenya da Tanzaniya akan tace irin wannan ruwa da gawayin ƙashi.

Akwai wani farin tabon dabam, wanda ya fi wancan gaggawa. Shi yakan bi gefen dasashi kamar zare, ba ya sheƙi. Wannan farkon ruɓewa ne. Ragowar alewa, shayi mai sukari da lemon kwalba su ne abincin ƙwayoyin cuta na baki, su kuma suna fitar da tsami mai zuƙe ƙarfin haƙori. Abin farin ciki, muddin bai zama kogo ba, yana iya warkewa. A rage zaƙi, musamman da dare, a goge baki safe da dare da man da ke da fuloraid. Asuwaki yana da kyau, kada a yar da shi. Ga yaro ƙasa da shekara 3, man kada ya wuce ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kuwa kamar ƙwayar wake, a kuma koya masa tofarwa, gama yara suna son haɗiye shi.

Zazzaɓi mai zafi, ƙyanda, tamowa, ko faɗuwar da ta bugi haƙorin farko, su ma sukan bar tabo a haƙorin da ke tafe.

Tabon fuloraid ba ciwo ba ne, ba ya yaɗuwa, ba kuma dalilin yi wa budurwa ko saurayi ba'a ba ne. Wanda abin ya dame shi, likitan haƙori yana iya goge saman ɓawon kaɗan da magani, ko ya cusa wani ruwan roba mai daidaita launi, ko ya rufe haƙorin da abin da ya yi kama da shi in tabon ya yi zurfi. Sai dai irin wannan aiki sai manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Masu yawo a kasuwa da kwalabe suna cewa suna wanke haƙori nan take, a guje su. Ruwan tsami mai ƙarfi yakan sa haƙori ya yi fari na ɗan lokaci domin ya ci ɓawonsa, ɓawon haƙori kuwa in ya tafi ba ya sake tsirowa.