Me Ya Sa Kazar Bature Matsoraciya Ce, Ta Bahaushe Kuma Butulu?

Kwanakin baya muna shirya takardar tambayoyi da za mu shiga ƙauyuka da ita, sai wani abokin aikina ya zuba sunayen cututtukan yara a manhajar fassara don ya rage mana wahala. Da ta zo kan chickenpox sai ta ba mu "cutar kaji". Mun yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ka ɗauka an je da wannan takarda wurin uwa mai kaji goma sha a tsakar gida, wadda ba ta manta da 2006 ba, shekarar da murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna aka yi ta hallaka kaji ana binnewa. A tambaye ta ko ɗanta ya taɓa yin cutar kaji, me kake jin za ta ce? Ko dai ta ɓoye, ko ta koma zargin kajinta. Alhali ƙarambau ake nufi, kuma ƙwayar cutar da ke kawo shi, varicella-zoster, daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa. Ba ruwan kaza, suna ne kawai Turanci ya laƙa.

Tun ranar nake bibiyar kalmar nan. Abin da na lura shi ne, tsuntsuwar ɗaya ce a ko'ina, masana suna kiranta Gallus gallus domesticus, amma kowane harshe ya zaɓi wani hali nata guda ya rataya wa mutane. Shi ya sa ƙamus kaɗai ba ya fid da mai fassara.

Rikicin ma daga gida ya fara. Karanta wannan: "Ya sayi kaza a kan naira kaza." Kai da ka tashi da Hausa ba ka yi tuntuɓe ba, domin bakinka ya ja wasalin farko a kazar da ake yankawa, ya gajarta shi a ta biyun. Ta biyun aro ce daga Larabci, kadha, wato abu iri kaza da ba a son a ambata. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, saboda haka a takarda sun zama tagwaye. Mai rubutun ajami yana iya raba su da alifi guda. Kwamfutar da ta koyi Hausa daga boko kuwa, sai dai ta yi canke daga kalmomin da ke kewaye.

Sannan kazarmu mace ce. Namijin zakara ne, ƙaramin tsako, wadda ta tasa ba ta fara ƙwai ba sagara, wadda ta cika ta ƙoshi daƙwalwa. Sai an zo jam'i, kaji, kowa ke shiga. Kalmar chicken ta Turanci ba ta damu da mace ko namiji ba, kuma ita ce dai sunan naman. Idan likitan dabbobi ya rubuta cewa a yi wa kowace chicken rigakafi, aka fassara da "kowace kaza", akwai mai kiwon da zai bar zakarunsa, kuma ba za ka ga laifinsa ba.

To, mu zo kan zagi, inda abin ya fi daɗi. Ba'amurke ya ce maka chicken, matsoraci yake nufi. Bafaranshe yana cewa poule mouillée, jiƙaƙƙiyar kaza, ma'anar ɗaya ce, haka ma gallina a bakin mutanen Sifen. Wasu sun bi wata hanyar daban: a titunan Faransa poulet ɗan sanda ne, a Sinanci kuma kalmar kaza ta zama saye ga karuwa saboda lafazin kalmomin biyu ya yi kusa. Mu kuwa tsoro ba kaza muka ba ba, kura muka ba, ga tsoro ga ban tsoro. Ka ce wa Bahaushe "kai kaza ne" don ka nuna masa ragonta, zai tsaya yana kallonka.

Laifin da muka ɗora wa kaza butulci ne: ci ki goge baki. Da wauta: rashin sani ya sa ta kwana a kan dami, garin tone-tone ta tono wuƙar yanka kanta.

Goge bakin nan gaskiya ne, kowa ya gani. Fassarar da aka yi masa ce ba daidai ba. Saman bakin kaza an yi shi ne da keratin, sinadarin da ke farcenka, kuma kamar farce yana tsiro muddin tana raye. Idan ta goga shi a ƙasa hagu da dama, tana share abin da ya manne ne, tana kuma wasa shi don kada ya zarce. Tsuntsaye da yawa suna yi. Ita dai ta yi rashin sa'a a gabanmu take yi, a daidai lokacin da muka gama watsa mata tsaba.

Akwai kuma inda Bahaushe ya yi daidai har abin ya ba ni mamaki. In mutum ya yi sanyi, jiki ba laka, sai a ce kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki. Wannan ciwo ne na gaske da likitocin dabbobi suka sani. Wani lokaci gwaiduwa takan kuskure hanyar da ƙwai ke bi ta faɗa cikin ramin ciki, ko ƙwan ya fashe a hanya, wurin ya kumbura, ƙwayoyin cuta su samu abinci. Kazar sai ta daina kiwo, ta tsaya shiru da kumburarren ciki, sau da yawa ta mutu. Duk wanda ya fara yin wannan kwatance ya zauna da kaji sosai.

Batun tsoron da Turawa suka laƙa mata fa? Abin da suke kira tsoro tsari ne mai kyau. A farkon shekarun 1990 Christopher Evans da Peter Marler da abokan aikinsu sun riƙa nuna wa zakaru hotunan bidiyo, wani na shaho yana giftawa ta sama, wani na dabba mai farauta a ƙasa. Kukan gargaɗin da zakara ke yi wa kowannensu daban ne. Da aka naɗi kukan aka kunna wa kaji mata, ba tare da sun ga komai ba, na sama ya sa sun duƙa suna duban sama ko sun nemi maɓoya, na ƙasa kuma ya sa sun miƙe wuya suna dube-dube. Ka tuna karin maganar nan, zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi? Muzuru ta ƙasa, shaho ta sama. Abokan gaba biyun da Bahaushe ya lissafa su ne rukuni biyun da kaza ta ware wa kuka daban-daban.

Shi zakara ya more a Hausa. Duk abin da aka hana matarsa na daraja shi aka ba. Gwani zakara ne, wanda ya gagara zakaran gwajin dafi ne, har babbar gasar ƙwallon Turai Gasar Zakarun Turai muke ce mata. Mayar da wannan suna Turanci kalma da kalma ka ji abin dariya, gasar tsuntsaye. Amma zaɓin yana da tushe a ɗabi'ar kaji. Tun wajen 1921 wani ɗan Norway, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya bayyana cewa garken kaji yana da matakai, kowa ya san wanda zai tsattsaga da wanda zai kauce wa. A 2013 Tsuyoshi Shimmura da Takashi Yoshimura na Jami'ar Nagoya a Japan suka nuna cewa carar asuba agogon cikin jiki ne ke tayar da ita: ko an ajiye zakara cikin dishi-dishin haske dare da rana, zai ci gaba da cara kusan a kan lokacinsa. A 2015 suka ƙara da cewa babban zakara ne ke fara cara, na ƙasa da shi su jira, su biyo bi da bi. A cire babban, na biyu ya karɓa. Wato a wurin kaji ma wanda ya yi nasara shi ke da bakin farko.

Sababbin ma'anoni ba su daina shigowa ba. Da kajin gidan gona suka zo, masu kai girman yanka cikin kimanin mako shida, sai tamu ta gida ta samu sabon suna, kazar Hausa, su kuma aka ce musu 'yan agirik. Ba a daɗe ba sunan ya tsallaka kan mutane: yaro ya yi jiki ɓul-ɓul amma ba ya jure rana ko wahala, ɗan agirik ne. A Yamai da Wagadugu da Abijan kazar gida poulet bicyclette ce, kaza mai keke. Wasu sun ce don a kan keke ake kawo su kasuwa, wasu sun ce don yadda take wurga ƙafa in tana gudu. Mai fassara daga Faransanci da bai san wannan ba zai nemi keken ya rasa, alhali kazar Hausa kawai zai rubuta.

Abin da ya fi ba ni dariya da sunan "kazar Hausa" shi ne, kaza baƙuwa ce. Kakanta wani jan tsuntsun daji ne na kudu maso gabashin Asiya, kuma tsofaffin ƙasusuwanta da masana suka gamsu da su an tono su ne a Ban Non Wat a ƙasar Thailand, masu shekara fiye da 3,000. Ɗan ƙasa na asali a nan zabo ne. Duk da haka baƙuwar ce ta zama ma'aunin sauran tsuntsaye, har muna da kazar dutse da kazar ruwa, waɗanda ba kaji ba ne.

Har sama ta kai. In hunturu ya shiga, fita tsakar gida bayan isha'i ka ɗaga kai, za ka ga wasu ƙananan taurari shida ko bakwai sun cure wuri guda. Larabawa suna ce musu Surayya, Turawa Pleiades, haskensu yana yin tafiyar shekara kusan 440 kafin ya iso idonka. Bahaushe ya duba ya ce kaza da 'ya'yanta. Manoman Faransa ma da suka duba, la Poussinière suka ce, daga kalmarsu ta 'yan tsaki.