Da Sanyin Safiya Ake Shiga Kwazazzabon Idaho

 Yau za mu nausa can arewa maso yammacin Amurka, jihar Idaho, mu ga yadda matuƙin ƙaramin jirgin sama yake shirya tafiya zuwa filayen sauka da ke ƙuryar daji, inda babu kwalta, babu hasumiyar da za ta ba shi umarni, babu ko mai sayar da mai.

A tsakiyar jihar akwai wani makeken daji mai tsaunuka da aka keɓe da doka a shekarar 1980, daga baya a 1984 aka sa masa sunan Sanata Frank Church, wanda ya yi tsayin daka har aka kafa dokar. Faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 9,500, wato ya kusa rabin jihar Kano. An hana mota shiga, an hana keke ma. Amma dokar ta bar tsofaffin filayen jirgin da ta tarar, domin tun kafin ta zo da jirgi ake kai wa mazauna wurin wasiƙa da cefane. Shekaru da dama jirgin wasiƙa yana tashi daga garin Cascade sau ɗaya a mako yana zaga gidajen gona na bakin kogin Salmon, kogin da mutanen da can suka yi wa laƙabi da kogin da ba a dawowa, saboda kwale-kwalen da ya gangara ba ya iya hawowa.

To, bari mu zauna kusa da matuƙinmu a daren da zai kwana da shirin tafiya. Yana garin McCall, jirginsa ƙirar Cessna 182 mai kujera huɗu yana ɗaure a fili. Taswira na shimfiɗe a gabansa, ga littafin Fly Idaho na Galen Hanselman, wanda ya bi filayen nan ɗaya bayan ɗaya ya auna wa kowanne gwargwadon haɗarinsa. Matuƙin da ya san ciwon kansa daga mai sauƙi yake farawa, kuma mafi yawa sukan fara da Johnson Creek, kusa da ƙauyen Yellow Pine. Fili ne na ciyawa shar, ana ba ta ruwa ana aske ta, tsawonsa ya ɗan haura mita 1,000. Sai dai yana kwance ne a ƙasan kwari, tsaunuka dama da hagu, kuma bisansa daga teku mita 1,500 ne, ya ɗara Jos.

Wannan bisan shi ne abin da zai hana matuƙinmu barci da wuri, ya ɗauki fensir. Jirgi da iska yake rayuwa: inji yana shaƙarta, farfela tana yankarta, fukafukai suna dogara da ita. Duk sama da ka yi iska tana ƙara sirancewa, zafi kuma yana ƙara siranta ta. A bisan Johnson Creek, zafin da littafin jirgi ya ɗauka daidai shi ne digiri 5 a ma'aunin Selsiyos. Kowane digiri ɗaya da ya ƙaru a kan haka, jirgi yakan ji kamar an ɗaga filin da mita 36. Idan rana ta take a watan Yuli zafi ya kai digiri 30, lissafi ya nuna an ƙara mita 900 ke nan. Filin yana nan inda yake, amma jirgin yana aiki kamar a bisan mita 2,400. Injin irin wannan jirgi kuwa yakan rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300. Ku haɗa da kanku, jama'a: kusan rubu'in ƙarfin inji ya tafi tun taya ba ta motsa ba. Jirgin da ya tashi cikin sauƙi da ƙarfe bakwai na safe, shi ne zai cinye fili duka da azahar yana jan ciki, itatuwa suna ƙara girma a gaban gilashi.

Shi ya sa a dajin nan agogo ne sarki. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara, matuƙan Idaho kuma da sanyin safiya suke tashi, su so a ce kafin ƙarfe goma ko sha ɗaya sun ɗaure jirgi sun kafa tanti. Bayan haka rana takan gasa duwatsu, iska ta fara kaɗawa cikin kwari tana murɗawa, wata ta ɗaga jirgi, wata ta danna shi ƙasa fiye da yadda injinsa zai iya ja.

Sai batun kaya, kuma a nan ne zumunci yake shan gwaji. Kowace lita ta man jirgi ta ɗan haura giram 700, lita 100 ke nan ta kai nauyin ƙato guda. A cikin daji ba a sayar da mai, sai an fito McCall ko Cascade ko garin Salmon. In ya cika tanki fal, jirgi ya yi nauyin tashi daga gajeren fili. In ya rage da yawa, hayaƙi ko hadari ya tare hanya, ba shi da na kewayawa. Dokar Amurka ta ce a bar rarar minti 30 da rana, amma masu hankali sukan bar ta awa guda. Saboda haka jirgi mai kujera huɗu yakan zama na mutum biyu. A ganina babu abin da ya kai wannan nuna dattakun matuƙi: ya dubi amininsa da ya riga ya ɗaure jaka ya ce masa, yi haƙuri, gobe ba da kai ba.

Mu ɗauka gari ya waye, ya tashi. Da ya shiga kwazazzabo zai kama gefen dama, kamar mota a titi, don ya bar wa mai tahowa hanya, ya kuma bar wa kansa sararin juyawa. Zai rage gudu, domin jirgi mai gudu yana bukatar fili mai faɗi kafin ya yi kwana. Rediyonsa yana kan mita 122.9, inda kowa yake faɗin inda yake da inda ya dosa, tun da wani lokaci sai an sha kwanar dutse ake ganin juna. In zai ƙetare tsauni ba ya tunkarar sa kai tsaye, yakan zo masa a karkace, yadda in iska ta danno shi zai zame ya koma ta inda ya fito. Kafin ya sauka zai zaga ta sama ya leƙa: ina iska ta dosa, akwai barewa a kan fili, ruwa ya kwanta ko kuwa.

Wasu filayen ƙofa ɗaya gare su. Ana sauka ana fuskantar tudu, a tashi ana gangarowa, ko da iska ba ta so haka ba. Soldier Bar, da ke kan wani dandamali a saman ƙoramar Big Creek, bai kai rabin tsawon Johnson Creek ba, ga gargada, ga karkata. A irin waɗannan akwai wurin da in ka wuce shi, fasa sauka ta ƙare, don dutsen da ke gaba ya fi ƙarfin hawan jirgin. Matuƙi yakan zaɓi wannan wuri tun a gida, wata bishiya ko wata kwanar ruwa, ya ce in na iso nan gudu bai daidaita ba, na juya. Haka wajen tashi: yakan taka filin da ƙafa, ya sa alama a tsakiya. In ya iso alamar bai sami kashi 70 cikin ɗari na gudun tashi ba, sai ya janye mai ya taka birki. Kuma ba wanda ya kamata ya fara shiga irin wannan fili ba tare da malamin da ya san shi a kujerar dama ba.

Akwai sauran ƙananan abubuwa da ba ƙanana ba ne. A watan Agusta gobarar daji takan cika kwari da hayaƙi, hukuma ta rufe sararin wani yanki don jiragen kashe wuta. Wayar hannu ba ta kamawa, don haka ana tafiya da ƴar na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, a kuma bar wa wani a gida sunayen filayen da lokacin dawowa. Ashana da wuƙa da madubin haska alama ana sa su ne a aljihun rigar da ke jiki, domin in jirgi ya kama wuta, abin da ke jikinka kaɗai za ka fita da shi.

In komai ya tafi daidai, da hantsi matuƙinmu yana zaune a gindin fuffuken jirginsa a Johnson Creek, igiyoyi uku sun ɗaure shi da ƙasa, butar shayi tana kan wuta, ƙorama tana gudu a gefe. Tun yanzu ya fara duban ma'aunin zafi yana lissafin tashin gobe da asuba.